Tambayoyinku Kan Lafiya: Ƙuna da Bidiyon Waya

Tambaya: Assalamu alaikum Tanti. Ni matar aure ce a Bukoki, nan Yamai. Kwanakin baya ɗana mai shekara uku ya jawo kwanon koko da na sauke, ya zube masa a hannu da gefen ƙirji. A ruɗe sai na tuna wani bidiyo da aka turo a gurup ɗinmu na mata a WhatsApp, inda wani mai farar riga ke cewa farin ƙwai shi ne maganin ƙuna, ba ciwo ba tabo. Na fasa ƙwai na shafa masa. Uwar mijina ta shigo ta ce a ƙara da man goge haƙori, aka ƙara. Da muka je asibitin unguwa majo ta yi mini faɗa sosai, ta ce ruwa ya kamata in zuba. Har yanzu muna zuwa wankin ciwo. Tanti, dubban mutane sun kalli bidiyon nan, a ƙarƙashinsa kowa na cewa ya gwada ya ga aiki. Duk ƙarya suke yi? Kuma mu tun muna yara ake gaya mana in aka zuba wa ƙuna ruwa sai ta yi bororo. Yaya zan gane bidiyon da zan yarda da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba yaron lafiya, ya sa a gama wankin nan cikin sauƙi. Na ji nauyin da ke cikin wasiƙarki, ina so ki sauke shi. Kin ga ɗanki yana ihu, kin kai hannu ga abin da aka ce miki magani ne. Majo kuwa gaskiya ta gaya miki, ko da ta faɗe ta da zafi. Mu masu wankin ƙuna mun san abin da ake sha kafin a raba busasshen man haƙori da ɗanyen ciwo: a jiƙa, a goga a hankali, a sake jiƙawa, yaro yana miƙewa, uwa ta danne ƙafafunsa tana zubar da hawaye. Wanda ya saba ganin haka, muryarsa takan tashi ba tare da ya so ba.

Bari in fara da abin da ke faruwa a jikin fata, don in kin gane shi ba wanda zai ƙara ruɗa ki. Ƙuna ba ta tsayawa lokacin da aka janye yaro daga abin da ya ƙone shi. Kin san tuwon da aka kwashe, sama ya huce amma in kin sa yatsa ciki sai kin janye? Haka fata take. Zafin da ya shige ta yana ci gaba da cin naman da ke ƙasa, kuma a kewayen wurin akwai fatar da ta jigata, wadda za ta iya farfaɗowa, za ta iya mutuwa a cikin kwana biyun farko. Koko da kunu sun fi ruwan zafi ɓarna domin suna da kauri, suna manne wa jiki da riga. Fatar yaro kuma ba ta kai ta babba kauri ba, abin da zai sa hannunki ya yi ja kawai, shi zai iya saluɓe masa fata.

Aikin farko ke nan: a fitar da zafin. Ba abin da ke yin wannan kamar ruwa mai sanyi yana gudana a kan wurin har minti 20. Na ce minti 20, a duba agogon waya, domin in yaro na kuka minti uku ma sai ki ga kamar an shekara. In ba a samu yi nan take ba, har cikin awa uku na farko yana da amfani. A Ostireliya an bi diddigin yara 2,495 da suka ƙone, aka buga sakamakon a 2020: waɗanda aka zuba wa ruwa na minti 20 a cikin awa ukun farko, haɗarin a kai ga yi musu dashen fata ya ragu da wajen kashi 40 cikin 100. Ruwa ne kawai, irin wanda ke tsakar gidanki.

Ƙwai da man haƙori kuwa rufe wurin suke yi. Sanyin da ake ji in an shafa man haƙori na na'ana'ar da ke cikinsa ne, yaudarar jijiya ce, zafin yana nan a ƙasa. Ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, ga shi an ɗora shi a inda fata ta buɗe, wasu yaran ma jikinsu ba ya karɓar ƙwai. Haka gishiri, garin fulawa, tumatir, man shanu, manja, toka, kashin shanu, da garin kafso da ake buɗewa a barbaɗa. Duk an sha kawo mana su. Ban da datti da riƙe zafi, suna ɓoye mana launin ciwon, alhali da launin muke gane zurfinsa. Jan magani da shuɗin magani ma wannan matsalar gare su.

Maganar bororo, iyayenmu sun ga wani abu da idonsu, fassarar ce ta kauce. Bororo yana tashi ne in ƙuna ta wuce fatar sama ta taɓa ta biyu, sai ruwan jiki ya taru a tsakaninsu. Yakan ɗauki lokaci kafin ya fito, saboda haka wanda ya zuba ruwa sannan ya ga bororo sai ya ɗora laifin a kan ruwan. Da an zuba da ba a zuba ba, zai fito. Kuma in ya fito kada a fasa shi da allura ko ƙaya, murfi ne da jiki ya yi wa ciwon. Ki gaya wa Inna wannan cikin ladabi, a lokacin da hankali ya kwanta. Ita ma son jikanta ne ya sa ta kawo man, kuma gobe in abu ya faru ba kya gida, ita ce za ta fara kai hannu.

Na san za ki ce bidiyon Turawa famfo suke nunawa a ɗakin girki, mu kuwa wata ran sai tsakar dare ruwa ke zuwa. Buta ta isa. Ki tsugunar da yaron a kan baho, ki riƙa tsiyaya a hankali, wani yana cika miki wata butar daga randa ko daga bidon mai garuwa. Ruwan randa shi ne daidai. In ruwan ya yi ƙaranci, a tsoma hannun a cikin roba ana sauya ruwan in ya ɗumama, ko a jiƙa tsumma mai tsabta ana canzawa akai-akai. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke dukan bututu, ruwan famfon Yamai da azahar yakan fito da zafi, sai a taɓa da hannu kafin a sa wa yaro. Ƙanƙara kuwa a'a, ko ta leda ko ruwan da ya fito daga cikinta. Tana matse jijiyoyin jini, fatar nan da na ce tana tsakanin rai da mutuwa sai jini ya daina kai mata. Da hunturu, lokacin da yara suka fi faɗawa wutar jin ɗumi, a zuba ruwan a kan ƙunar kaɗai, sauran jikin a lulluɓe da zane. In yaro ya fara rawar ɗari a dakata.

Ana cikin zuba ruwan a cire riga da ta jiƙe da koko, a cire zobe, awarwaro, guru ko laya da ke ɗaure a wurin, kafin kumburi ya zo. Tufar da ta manne da fata a bar ta, a yanke kewayenta. In an gama, a rufe da zane wankakke marar gashi, ko farar ledar nan ta rufe abinci, a shimfiɗa ta a kai ba tare da an naɗe da ƙarfi ba. Auduga ba ta dace ba, tana maƙalewa. A ba shi farasitamol daidai da nauyinsa.

Yanzu ga tambayar da ta fi damunki. Masu cewa sun gwada sun ga aiki, yawancinsu ba ƙarya suke yi ba. Ƙunar da ta tsaya a fatar sama, wadda wuri ya yi ja ko ya ɗan yi duhu yana raɗaɗi, da kanta take warkewa cikin mako guda, ko an shafa ƙwai ko an shafa miyar kuka ko ba a shafa komai ba. Mai irin wannan ƙunar shi ke komawa ya rubuta yabo. Wadda ɗanta ya kwana da zazzaɓi, ciwo ya yi ruwa, ba ta da sukunin komawa ta rubuta komai, tana layin asibiti. Ke kin koma kin rubuta abin da ya same ki a ƙarƙashin bidiyon? Ina jin ba ki koma ba. To haka sauran.

Yawan masu kallo kuma ba shaida ba ce. TikTok da Facebook da YouTube suna tura wa mutane abin da ake tsayawa a kalla, ake turawa gaba. Mutumin da ya tsaya yana zuba ruwa minti 20 ba abin kallo ba ne, amma wanda ya fasa ƙwai ya ce ga sirrin da likitoci ke ɓoyewa, kowa sai ya tura wa ƴar'uwarsa. Tun a 2013 wasu likitoci a Ingila suka zauna suka tantance bidiyon taimakon farko na ƙuna da ke YouTube, suka buga a mujallar Burns cewa ingancinsu bai gamsar ba. A lokacin ma TikTok bai fito ba. Yau kuma ana ɗauko bidiyon wata ƙasa a ɗora masa muryar Hausa, ba ki san wanda ya yi shi ba, ba ki san wanda ya fassara ba. Farar riga kuwa kowane tela zai ɗinka.

Ni in aka turo mini irin wannan, abu na farko da nake dubawa shi ne da me ya fara. In bai fara da ruwa ba, na rufe. Za ki ga wasu na cewa minti 10, na Faransanci wasu na cewa minti 15, sababbi na cewa 20. Wannan saɓanin kada ya dame ki, duk a kan ruwa suka tsaya, ke ki ɗauki 20. Sai in duba ko mai maganar ya faɗi sunansa da inda yake aiki, yadda za a iya nemansa in ya yi ɓarna. Bidiyon ƙungiyoyin agaji na Kuruwa Ruj da na Hukumar Lafiya ta Duniya suna ɗauke da sunansu a fili. Sai in saurara ko ya faɗi lokacin da za a bar gida a tafi asibiti, domin duk wanda ya san ƙuna ba zai yi shiru a kan wannan ba. Wanda ya ce maganinsa na yi wa kowace irin ƙuna, ko ya ƙare da lambar waya da farashin kwalba, ɗan kasuwa ne. Hoton kafin da bayan ma ba ya nuna miki kwana nawa ne a tsakani, ko hannu ɗaya ne.

Ko bidiyo na gari, amfaninsa a kalle shi tun lafiya lau. Ranar da abu ya faru, lokacin da za ki ɓata kina neman rezo kina lalube a waya, na ruwa ne. Kuma babu bidiyon da ke ganin ɗanki. A yaro ƙarami, duk ƙunar da ta yi bororo ko ta saluɓe, ni shawarata a kai a duba. Dole ne a tafi in ta taɓa fuska, hannu, ƙafa, al'aura ko gaɓa, ko ta zagaye hannu ko ƙirji, ko ta fi tafin hannun mai ƙunar girma. Tafin hannun mutum da yatsunsa wajen kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinsa, da shi muke awo. Yaron da ya kai kashi 10 yana bukatar ƙarin ruwa ta jijiya. Wurin da ya yi fari fat, ko baƙi, ko ya yi tauri, kuma ba ya ciwo, kada rashin ciwon ya kwantar miki da hankali, jijiyoyin ne suka ƙone, shi ne mafi muni. Tun 2006 dokar ƙasar nan ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocin gwamnati. Ko da za a rubuta miki wani abu ki saya a farmasi, kada tsoron kuɗi ya sa ki kwana da yaro a gida.

Naki yaron, tunda hannu ne da ƙirji, kada ki tsallake ranar wanki ko ɗaya. Ki tafi da katin rigakafinsa a duba allurar sandarewar jiki. In kin ga zazzaɓi, wari, mugunya, ko ya daina cin abinci, ki koma ko ba ranarku ba ce. In mako biyu ya cika bai rufe ba, ki roƙi majo ta tura ku babban asibiti likitan fiɗa ya gani, domin ciwon da ya daɗe bai rufe ba shi ke barin tabo mai tudu, kuma fatarmu ta baƙaƙe ta fi saurin yin irinsa. Ki riƙa sa shi yana miƙe gwiwar hannun da yatsun ko yana ƙi, kada fata ta ja ta naɗe su. Ƙwan nan kuwa ki dafa masa ya ci, da wake da kifi da madara. Jiki mai gina sabuwar fata yana bukatarsu.

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Ni dattijo ne a Tawa. Jikana ya taka garwashin shayi a fada, na sa masa zuma kamar yadda na ji wani malami ya faɗa a bidiyo. Ƴata ma'aikaciya ta ce ban kyauta ba. Ashe ba Allah ne ya ce akwai waraka a cikin zuma ba?

Amsa: Baba, barka kadai, Allah ya ƙara girma. Haka ne, ayar tana cikin Suratun Nahli, kuma zuma ba sahun man haƙori take ba. Bincike ya nuna a ƙunar da ba ta yi zurfi sosai ba, zuma na iya sa ciwo ya warke da sauri fiye da wasu bandejin da aka saba, har akwai asibitocin da ke aiki da ita. Sai dai abu biyu. Zuma ba ta fitar da zafi, saboda haka ba ita ce ta farko ba. In an ɗora ta a kan ƙunar da ba a sanyaya ba, an tsallake aikin da ya fi muhimmanci. Na biyu, wadda ake sa wa ciwo a asibiti an tace ta an kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinta. Ta kasuwa, ka fi ni sani, wata an haɗa ta da narkakken sukari, wata da guntun saƙa da matattun ƙudan a ciki, a kwalbar da ba a san me ta ɗauka a da ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne wurin. Garwashi yana ƙuna mai zurfi, tafin ƙafa kuma kullum yana cikin ƙasa, ga yatsun da ke iya mannewa da juna in suna warkewa. Ka sa a kai shi babban asibitin Tawa ko na unguwa a duba, a gaya musu an sa zuma, ba abin kunya ba ne. In mai duba shi ya ga zuma ta dace, shi zai faɗi yadda za a sa. Samarin fada kuma a gaya musu su daina juye toka a inda yara ke wasa. Toka takan yi fari a sama alhali wuta na ƙarƙashinta.

Tambaya: Tanti, ina sayar da esansi a kwalabe a bakin hanya wajen Talaje. Abokan sana'a sun nuna mini bidiyo cewa in wuta ta kama mutum a shafa masa baƙin man mota. Haka ne?

Amsa: Ɗana, ba haka ba ne, kuma ka gaya wa abokanka yau ɗin nan. Baƙin mai datti ne da guba, yana riƙe zafi, kuma kafin a wanke shi daga jikin wanda ya ƙone sai ya sha azabar da ba a faɗa. Mu mutanen Yamai ba mu manta da daren 5 wayewar 6 ga Mayu 2019 ba, lokacin da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama, mutane suka je ɗiba, wuta ta tashi, aƙalla mutum 55 suka rasu, wasu suka biyo baya a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 180,000 ne ƙuna ke kashewa a kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe irin tamu. Sana'arka tana kusa da wannan haɗarin fiye da ta kowa.

In wuta ta kama tufar mutum, kada a bar shi ya ruga, gudu hura ta yake yi. A kayar da shi ƙasa nesa da kwalaben, ya rufe fuska da hannu ya yi ta birgima, ko a danne wutar da bargo ko babban zane mai kauri, ba na leda ba. Wutar da ke cin man da ya malale a ƙasa da yashi ake kashe ta, ruwa yaɗa ta yake yi. Amma jikin mutum, da zarar wuta ta mutu, ruwa za a zuba masa, ba yashi ba. A cire agogo da bel da zobe, a bar abin da ya manne. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 tun ana cikin zuba ruwan. In ƙunar ta ci jiki da yawa kada a tsaya cika minti 20 har sanyi ya kama shi, a lulluɓe shi da zane mai tsabta a tafi. In fuskarsa ta ƙone, ko gashin hancinsa ya babbake, ko muryarsa ta dushe, a zaunar da shi a garzaya babban asibiti ko da yana cewa shi lafiyarsa ƙalau, domin maƙogwaro na iya kumbura ya toshe numfashi bayan ƴan awoyi.

Ka ajiye bokitin yashi da bidon ruwa cike da tsohon bargo a gefen teburinka. Kuruwa Ruj ta Nijar tana koyar da taimakon farko, ku haɗu ku da abokan sana'a ku je ku tambayi yadda za a koya muku. Kuma rigar da mai ya zuba a kanta, ka cire ta kafin ka je wajen mai shayi.